Gandun Gafasa da Ƙwallon Amurkawa

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. Duk inda na zauna, ko gindin darbejiyar ofishinmu na gona a Gaya, ko rumfar mai shayi a kasuwar Ajingi, sai wani ya matso ya ce, "Malam Habibu, wai yaya ƙasar take?" In na fara ba da labari kuwa, ba a jimawa sai in tsinci kaina cikin zancen ƙwallo, abokai su yi ta dariya suna cewa gwamnati ta tura ni koyon noma na dawo da wasan yara. To, bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sai na fara da gida, don da nauyinsa na tafi. Mu huɗu mahaifinmu ya bari a Gafasa: Yaya Sale, sai ni, sai Tanko da Ado. Gandu ɗaya muke, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ni tun da na shiga makaranta na zama malamin gona, sai dai in zo ranar hutu da buhun taki da shawara. Aikin kuwa a wuyan Yaya yake. In za a yi huɗa shi ke gaba da garmarsa, ya ja kunyar farko, Tanko da Ado su biyo shi, kowa na ƙoƙarin kada a bar shi a baya. Da ƙarfin Yaya ake auna komai a gidanmu, har yawan irin da za a shuka.

Sai kurkunu ya fito masa a gwiwar dama, wurin ya ruɓe, da ya warke gwiwar ta ƙage. Yana tafiya, amma ba ya iya sunkuyawa. A daminar da ta biyo bayan babban farin nan ya gwada riƙe garma, bai kai rabin kunya ba ya zauna a ƙasa. Ran nan ya tara mu a gaban Inna ya ce da zarar dawa ta shiga rumbu za a raba gandu, shi ba zai zauna yana cin gumin ƙannensa ba. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Mutum mai ƙafa ɗaya da 'ya'ya biyar ƙanana, a ba shi gonar da ba zai iya nomawa ba, shekara biyu ta yi yawa gonar ta bar hannunsa. Inna ta yi kuka, Yaya ko kallonta bai yi ba. Ana cikin wannan takardata ta fito, wai an zaɓe ni kwas na wata huɗu a Amurka. Na tafi raina a jagule, amma na ƙudura cewa gandun nan ba zai rabu ina da rai ba, ko da yake ban san ta inda zan ɓullo wa abin ba.

Motar da na hau daga Gaya akori-kura ce, kafin mu kai gadar Wudil ta kafe a taɓo. Direba ya leƙo ya ce duk namiji ya sauko. Na nuna masa sabon kaftanina na ce jirgin sama zan hau, ya ce, "Allah Ya kai ka lafiya, Malam, amma sai ka tura wannan tukuna." Haka na isa filin jirgin Kano da taɓo har gwiwa. Na jirgi ba ni da abin faɗa, don rabin tafiyar idona a rufe yake ina salati. Mun sauka Landan, aka sake mana jirgi, muka tsallaka teku.

A Niyok ne na yi asarar farko. Inna ta ƙulle mini daddawa da kuka da yaji a tsumma. Ma'aikacin kwastan ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Na ce musu abinci ne. Suka dubi juna, babban ya ɗauke ta da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara, kukar ma ta bi ta. Yajin kaɗai suka bar mini, shi ma don atishawa ta hana su bincike. Daga nan na shiga doguwar bas, yini guda da kwana muna tafiya cikin gonakin masara, ban ga mutum ko ɗaya a sunkuye ba.

Kwalejin gonar tana gefen wani babban birni a tsakiyar ƙasar. Aka sauke ni a gidan wasu baƙaƙen fata, Wolta da matarsa Rut, mutane masu kirki da 'ya'yansu suka girma suka watse. Safiyar farko na gaishe da Wolta yadda aka koya mini a gida: kwana, gajiya, aiki, iyali, sanyi. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Habib, wani abu ne ya faru?" Su kalma ɗaya suke jefa wa juna su wuce. Rut kuwa tun ranar da na ce ba na cin naman alade ta ware mini tukunya. Tana dafa wake irin namu, tana yin wani fate na masara da safe, kamar tuwon da aka yi wa rowar gari. Abin da ban yafe mata ba shi ne kuɓewa. Sai ta yanka ta, ta soya a mai har yauƙin ya mutu. Na ce mata yauƙin nan ai shi ne kuɓewar, ta ce shi take gudu. Azumi ya same ni a gidan, kuma ba ta taɓa mantawa da ajiye mini abin sahur ba.

Wolta na ɗingishi, abin da ya fara sa na ji shi a raina ke nan. Ashe a da ɗan ƙwallo ne, irin ƙwallonsu, kuma yanzu yana yi wa babbar ƙungiyar birnin aiki, waɗanda wasan ne sana'arsu. Shi ke ɗaukar fim ɗin wasanninsu, ya yanka ya haɗa, ya kai wa masu horar da su. Yana da majigi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ni kuwa na saba da majigi, da shi muke yawo ƙauyuka muna nuna amfanin taki, sai na zama mai riƙe masa faifai duk ranar Asabar.

Ƙwallon nasu ba zagayayye ba ne, kamar doguwar gwanda yake, kuma da hannu ake yawancin aikin. Mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, da hular kwano da kafaɗun aro. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi goma. Na ce wa Wolta yadi goma ai abin da tela ke nema ne ya ɗinka babbar riga, shi ne ƙarti ashirin da biyu ke karya juna a kai? Ya ce in zuba ido. Ƙattai biyar ne ke tsayawa a gaba su zama katanga. Bayansu akwai mai jifa, shi ke karɓar ƙwallon, ko ya jefa wa masu cafewa, ko ya danƙa wa mai gudu. Kowane motsi an riga an zana shi a wani littafin dabaru da kowane ɗan wasa ke haddacewa, da'ira da'ira da kibiyoyi.

Shekara da shekaru ƙungiyar nan dabara ɗaya take ci da ita. Suna da wani mai gudu da sunansa ya ƙi zama a bakina, nake ce masa Giwa. A danƙa masa ƙwallo, katanga ta tura, shi kuma ya bi ta tsakiya ya tattake duk wanda ya tsaya. To a shekarar, ɗaya daga cikin ƙattan katangar ya yi ritaya, ɗaya kuma an sayar da shi ga wani gari. Haka na ce, sayarwa, har da musaya suna yi, su ba da mutum ɗaya su karɓi biyu kamar a kara. Sannan a wasan farko aka faɗa wa Giwa a gwiwa, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Me kocin, babban mai horar da su, ya yi? Ya ɗauko wani siriri mai saurin tsiya ya sa a gurbin Giwa, ya ce ya bi ta tsakiya kamar yadda aka saba. Wolta ya yi ta nuna mini a majigi, ya mayar baya ya sake. Sabuwar katangar ba ta da nauyin turawa, siririn kuwa in ya zo ya yi karo sai ka ga ya dawo da baya ƙafa a sama. Sati uku a jere ana lallasa su. Wolta na ta masifa shi kaɗai, ni kuwa Tanko nake gani. Tun da Yaya ya zauna muka tura Tanko gaban layi muka ce ya ja, muna shuka abin da muka saba shukawa, muna jin haushinsa in rana ta faɗi ba a gama ba.

A sati na huɗu Wolta ya dawo da fim ɗin atisaye yana murmushi. Ya ce, "Zo ka ga, tsohon ya yage rabin littafinsa." Komai ya canja. Tun da katanga ba ta iya tsayawa da daɗewa, sai aka ce mai jifa ya ja taku uku kawai ya saki ƙwallon kusa, kafin a rushe ta. Siririn an hana shi tsakiya, sai ya zame gefe ya cafe a fili inda saurinsa ke da amfani. Sababbin 'yan katangar da ake zagi don ba su da nauyi, ashe suna da gudu, sai aka sa su fita su ruga a gabansa suna share masa hanya. Akwai kuma wani tsohon mai cafewa da ƙafarsa ta mutu amma hannunsa kamar danƙo, aka dawo da shi kusa, aikinsa yadi biyar kawai, kuma bai taɓa saki ba. Ranar Lahadi Wolta ya shigar da ni filin, ina azumi, ga ihu kamar sama za ta faɗo. Da 'yan gutsattsarin yadi huɗu da biyar suka yi ta tafiya har suka ci. Ban san lokacin da na miƙe ina ihu da Hausa ba.

Sau ɗaya na ga kocin ido da ido, ranar da na taya Wolta kai gwangwanayen fim. Wani dattijo ne jajir mai taunar sigari marar wuta. Da aka ce masa daga Afirka nake ya tambayi ra'ayina, yana tsammanin yabo. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ka jira sati uku?" Wolta ya taka mini ƙafa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Don tsohuwar dabarar tawa ce, ina son ta. Na yi ta neman wanda zai zama wancan yaron, alhali babu shi. Sai da na zauna na rubuta abin da kowane ɗaya cikin waɗanda suka rage ya iya." Ba su zama zakaru a shekarar ba, kada in yi muku ƙarya, sun ci wasu an ci su wasu. Amma sun daina zama abin dariya.

Da muka fito na hangi Giwa a bakin fili da sanduna biyu, shi kaɗai, kowa na wuce shi. Na tambayi Wolta wane aiki aka tanadar masa. Ya yi wata irin dariya ya ce, "Babu. In ƙafar ba ta dawo ba, baɗi wata safiya wani zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce koci na kira, ka taho da littafinka. Da ka ji an ce ka taho da littafi, ka san an gama da kai." Ya ce shi ma haka aka yi masa, ya shekara biyar yana wankin motoci kafin ya samu aikin fim. Wallahi ranar na ji haushin ƙasar nan gaba ɗayanta. Mutane masu wayon da za su sake tsari saboda siriri, amma ba su da wayon samar wa gurgu wuri. Na ce a raina zan ɗauki rabin dabararsu in bar musu rabin.

Tun daga ranar na sayi littafin rubutu na shiga zane. Na rubuta abin da kowa ya iya, ban da abin da ya rasa. Tanko ba shi da sauri amma hannunsa ba ya karkata. Ado akwai zafin nama, sai saurin gajiya. Yaya fa? Sai da na kwana biyu kafin abin ya faɗo mini, har na ji kunyar daɗewar. Inna Bafillatana ce, kuma Yaya a rugar ƙaninta Kawu Bello ya tashi, wajen Balan, yana kiwo har ya kai shekara goma sha biyu. Duk Gafasa ba wanda ya san halin sa kamarsa. Ga shanun Inna na gado suna can wurin Kawu, ga garmar shanu a sito ɗin ofishinmu tana tsatsa, ni da kaina nake yawo ina yi wa mutane wa'azinta ban taɓa kawo ta gidanmu ba.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka ke nan wasiƙu biyu suka zo mini rana ɗaya. Ta farko daga ma'aikatarmu, cewa in na dawo za a mayar da ni hedkwata a Kano, da gida mai lantarki da famfo. Na karanta ta sau uku don daɗi. Ta biyu daga Tanko, layi huɗu: an fara yankan dawa, Yaya ya gaya wa mai unguwa da liman, an sa ranar rabo. Na lissafa, na ga in na tsaya yawon buɗe ido na sati guda da aka shirya mana a ƙarshen kwas, zan tarar an gama. Na je wurin jami'ar da ke kula da mu na ce a sauya mini tikiti. Ta ce ba a yi. Na koma washegari, na sake komawa, ran na huɗu na zo da littafina na zauna a ofishinta tun safe. Kafin azahar ta sa hannu. Wolta ya kai ni tasha, Rut ta cusa mini ƙullin soyayyar kuɓewa, na karɓa na yi godiya.

Ban tsaya Kano ba. Daga Gaya na ɗauki kekena na fara zuwa rugar Kawu Bello, ya nuna mini bijimai biyu 'yan shekara uku ya ce na Inna ne, duk ranar da Sale ya zo da kansa ya kora. Na isa Gafasa ana gobe rabo, dammunan dawa jibge a ƙofar gida. Bayan la'asar na sami Yaya a zaure shi kaɗai, ƙafar a miƙe. Na zauna a ƙasa, muka gaisa gaisuwar mutane, doguwa, har na ji ƙwalla ta taru mini. Sannan na buɗe littafin.

"Yaya, ga wata 'yar shawara, in ka ga da gyara ka gyara."

Na nuna masa. Huɗa ta koma ta shanu. Shi zai hore su, shi zai ja su a gaba ya tsayar da layi, ba sunkuyo. Tanko ya riƙe garma a baya, Ado ya bi da shuka. Gonar nesa ta hanyar Toranke a bar mata gero da wake. Na ba shi labarin Giwa da siriri, ya saurara bai katse ni ba.

"Wato tausayina ka ji, ka ƙirƙiro mini aiki," in ji shi.

"Ba tausayi ba ne, Yaya. Tanko tsoron sa yake ji, Ado kuwa duka zai yi ta yi har su lalace. In ba kai, garmar nan ƙarfe ce kawai."

Ya karɓi littafin ya juya shi, don a kife na miƙa masa. Yaya bai yi boko ba, amma ya daɗe yana bin zanen da yatsa.

"Shanu za su huɗe a kwana huɗu abin da muke yi a sati biyu, ko?"

"Ƙwarai kuwa."

"To ciyawa fa? Su za su cire ta? Duk gonar za ta tsiro rana ɗaya, ciyawa ta taso rana ɗaya. Ni ba na sunkuyawa. Fartanya biyu ce za ta bi wannan fili?"

Wata huɗu ina karatu a Amurka, ga takardar shaida a jakata, wannan bai zo mini ba.

Ya sa yatsa a kan da'irorin ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ni ne. Wannan Tanko. Wannan Ado. Habibu, mu huɗu Baba ya bari. Ina taka?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na raba wa kowa wuri, na tsaya a bakin fili kamar dattijon nan mai sigari, ban taɓa kawowa a raina cewa gurbin da ya fara zama fanko a layinmu nawa ne ba, tun kafin kurkunu ya san hanyar gidanmu. Gidan Kano ya gilma mini, da lantarkinsa da famfonsa. Ina son gidan nan, ba zan ɓoye ba.

"An ce za a mayar da ni Kano, Yaya."

"Na ji. Allah Ya sa alheri. Gobe sai a raba."

Bai faɗa da fushi ba, miƙo mini littafin kawai ya yi. Na zaro fensir daga aljihu, na zana da'ira ta huɗu kusa da ta Ado. Na ce zan rubuta wa ma'aikatarmu su bar ni a Gaya, hutuna na shekara kuma da damina zan riƙa ɗaukarsa, daga noman farko har maimai.

Yaya ya kamo hannuna ya juya tafin, ya latsa da babban yatsansa, ya girgiza kai. Sannan ya ɗaga murya ya kira Tanko.

"Je ka ce wa mai unguwa da liman kada su wahalar da kansu gobe. In ka dawo ka biya ta maƙera, a ƙera mana fartanya ɗaya. Ka ce ƙarama, mai ita ya daɗe bai riƙe ba."